Yadda ake bambance nau'o'in mazari a bakin ruwa

Launi ne abu na farko da ido ke kamawa a jikin mazari, kuma shi ne ya fi yaudarar mai koyo. A bakin kududdufi ɗaya kana iya ganin jajayen mazari uku da ba nau'i ɗaya ba ne, sannan ka hango wani rawaya a gefe ka ɗauka wani iri ne daban, alhali matar ɗaya daga cikin jajayen ce. Don haka a nan launi ne zai zo ƙarshe. Za a fara da yadda ƙwaron yake zama, sai idanunsa, sai sifar cikinsa (abin da mutane ke kira wutsiya), sai fiffike, sannan a waiwayi launi.

Masana sun ƙidaya nau'i sama da 6,000 a duniya, fiye da 700 daga ciki a Afirka suke. Kada adadin ya firgita ka. Waɗanda ke yawan bayyana a ruwayen Sahel da savana, daga dausayin Haɗeja da Nguru zuwa dam ɗin Tiga, Goronyo ko tafkin Madarumfa, ba su da yawa, kuma su ne dai ke maimaituwa. Da sunayensu na kimiyya zan kira su, domin da su ne za ka nemo hotuna a intanet ka gwada da naka. Kowane suna kalma biyu ne: ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i.

Mataki na 1: zaɓi wuri da lokaci

Mazari ɗan rana ne. Daga hantsi zuwa la'asar, ranar da gari ya yi haske babu iska mai ƙarfi, shi ne lokacin da maza ke taruwa a bakin ruwa. In hadari ya rufe sama sai su ɓace cikin ciyawa. A shekara kuwa, daga tsakiyar damina zuwa kaka ne suka fi yawa, amma dam da magudanan noman rani ba sa rasa su ko da bazara.

Nemi wurin da ya haɗa abubuwa da yawa a ɗan fili: kacala ko ciyawa mai tsawo, bado a kan ruwa, mashayar dabbobi da ƙasarta ta zama fako, in da hali har da duwatsu ko kwalbati. Kowane nau'i da wurin zamansa, kuma wurin kansa rabin shaida ne.

Kada ka shiga ruwa kwance da ƙafa tsirara. Tsargiya a irin wannan ruwa ake kwasarta, ga macizai a cikin kacala. Sa takalmin roba mai tsawo, ko ka tsaya a tudu.

Mataki na 2: kayan aiki

Waya mai kyamara, ɗan littafi da biro. Sun isa a fara. In kana da madubin hangen nesa da ke iya ganin abu na kusa, ya taimaka. Raga mai sanda da madubin ƙara girma sai daga baya. Kaya masu duhun launi sun fi farar riga.

Mataki na 3: raba su gida biyu

Jira ƙwaron ya sauka, ka dubi fiffikensa. In ya bar su a buɗe, biyu dama biyu hagu, jikinsa da kauri, fiffiken baya ya fi na gaba faɗi daga gindi, to babban mazari ne, rukunin da ake kira Anisoptera. In ya haɗe su a saman bayansa, jikinsa siriri ƙwarai, fiffiken huɗun duk sifa ɗaya, tashinsa a raunane tsakanin ciyayi, to siririn mazari ne, Zygoptera. Akwai 'yan gidan Lestes cikin sirara da ke zama da fiffike rabi a buɗe. Waɗannan idanunsu ne ke tona su: idon siririn mazari ɗaya na can gefe, ɗaya na can gefe, da fili a tsakani.

Mataki na 4: mai zama ne ko mai shawagi?

Wannan ba ya bukatar kusanta. Tsaya ka kalle shi na ɗan lokaci. Wasu suna da tsinkensu: su zabura su cafko ƙwaro ko su kori abokin gaba, su dawo kan tsinken nan dai. Mafi yawansu 'yan dangin Libellulidae ne, dangi mafi girma cikin manyan mazari, mai nau'i sama da 1,000. Wasu kuwa ba sa sauka, sai kai da komo a kan ruwa ko can sama, in sun gaji su rataye a reshe ciki na kallon ƙasa. Manyan cikinsu 'yan dangin Aeshnidae ne.

Mai zama ma ka lura a ina ya zauna: ƙolin kara, ganyen bado, dutse, ko ƙasa fako. Rubuta.

Mataki na 5: idanu da ciki

A yawancin manyan mazari idanun biyu sun haɗu a tsakar ka. In ka ga babban mazari mai buɗaɗɗen fiffike amma idanunsa a rabe, ka samu ɗan dangin Gomphidae. Biyu ne za ka fi haɗuwa da su. Ictinogomphus ferox ƙato ne, wajen santimita 7, da zanen baƙi da rawaya, ƙarshen cikinsa ya kumbura da wasu 'yan faifai a gefe, yana zama a kan kara a bakin babban ruwa. Paragomphus genei kuwa bai kai shi ba, ƙirjinsa kore-kore, cikinsa ruwan ƙasa, a kan yashi yake zama, kuma namijin yana da ƙugiya lanƙwasasshiya a ƙarshen ciki.

Abin da mutane ke kira wutsiya ciki ne, mai gaɓa goma, ana ƙirgawa daga ƙirji zuwa baya. Koyi ƙirgar nan tun yanzu, domin bayanin nau'i kusan kullum cewa yake "a gaɓa ta 2" ko "daga ta 8 zuwa ta 9". Sai ka tambayi kanka: cikin nan faffaɗa ne, siriri ne, ko yana da ƙugu kusa da ƙirji?

Mataki na 6: namiji ne, mace ce, ko sabon fita?

A nan ne mafi yawan kuskure ke faruwa. Duba ƙarƙashin gaɓa ta 2 daga gefe. Namiji yana da ɗan tudu a wurin, gaɓar barbararsa ke nan, mace kuwa wurin sumul yake. Mata da samarin maza na nau'o'i da yawa duk rawaya ne ko ruwan ƙasa, kamanninsu ɗaya. Ja na zuwa ne da balaga. Shuɗin da ke jikin maza da yawa ma ba launin fata ba ne, wata hoda ce mai kakin zuma-zuma da jiki ke fitarwa a hankali har ta rufe zanen da ke ƙasa, kuma tsohuwar mace ma kan yi ta kaɗan.

Wanda bai daɗe da fitowa daga ruwa ba fiffikensa na sheƙi, jikinsa laushi, launinsa a koɗe, tashinsa tangal-tangal. Ƙyale shi, kada ma ka taɓa shi.

Shawarata: ka fara da balagaggun maza kawai. Mata ka koye su lokacin da ka ga namiji riƙe da mace a ƙeya suna tashi tare, ko sun lanƙwashe sun yi zobe suna barbara. Hoton wannan lokaci ya fi kowane bayani, don ya nuna maka ma'auratan a haɗe.

Mataki na 7: gwada masu kama da juna

Fara da jajaye, su ne jarrabawar gaskiya.

Crocothemis erythraea ja ne tun daga fuska, idanu, ƙirji har ƙafafu. Cikinsa faffaɗa ne a shafe, kamar an bi ta kansa da dutsen guga. A gindin fiffiken baya akwai ɗan tabo ruwan zuma. Ruwa kwance yake so, ko da kududdufin bayan gari ne. Macen ruwan ƙasa ce mai rawaya-rawaya, da farin layi a saman ƙirji tsakanin fiffike.

Trithemis arteriosa shi ma ja ne, amma cikinsa siriri, da baƙaƙen tabbai a gefen gaɓoɓin ƙarshe, ƙafafunsa baƙi, jijiyoyin fiffikensa ja. Dubi zamansa: da ya sauka sai ya saki fiffiken su zubo gaba da ƙasa. Wannan ɗabi'ar 'yan gidan Trithemis ce. Idan rana ta take kuma sai ya ɗaga ciki ya nuna wa rana tsininsa, don rage faɗin jikin da zafi ke duka. To in ka rasa komai, dubi ƙafa da faɗin ciki: ja da faɗi Crocothemis, baƙi da siranta arteriosa.

Trithemis kirbyi ja ne mai ruwan goro, kuma gindin fiffikensa huɗu duk sun rine da ruwan goro mai faɗi, ana hango shi daga nesa. Ba ruwansa da kara. A kan dutse, siminti ko bakin kwalbati yake kwanciya. Nau'in nan ya tsallaka Turai, an fara ganinsa a Sifen a 2007.

Urothemis assignata ya yi kama da Crocothemis wajen kauri, amma tabon gindin fiffikensa na baya babba ne mai duhu, ja-ja baƙi-baƙi, yana da baƙi a saman gaɓoɓin ƙarshe, kuma ƙolin kara mafi tsawo yake zaɓa. Trithemis annulata kuwa da zarar ya balaga shunayya yake komawa, saboda hodar nan mai shuɗi da ta hau kan jan jiki. Shi ba ya wahalar da kowa.

Sai masu zane a fiffike, waɗanda suka fi sauƙi. In kana tafiya a mashaya ka ga wasu ƙananan baƙaƙe suna bin ƙafarka ƙasa-ƙasa, ka tsaya su sauka a fako, ka motsa su tashi, to 'yan gidan Brachythemis ne. Haka suke bin shanu, suna cafke ƙwarin da kofato ke tayarwa. Namijin yana da baƙin ɗamara a kowane fiffike, da ɗan ɗigo fari-fari kusa da ƙarshensa. An daɗe ana ɗaukarsu nau'i ɗaya, sai a 2009 Klaas-Douwe Dijkstra da Natalia Matushkina suka nuna biyu ne: impartita, wanda ya fi yawa ta arewa har ya kai kudancin Turai, da leucosticta. Raba su sai an kama a hannu an duba da madubi, don haka mai koyo ya rubuta sunan gidan ya wuce.

Palpopleura lucia ɗan ƙarami ne gajere, bai cika kai santimita 3 ba. Namijin cikinsa shuɗi ne mai haske, baƙi ya cinye mafi yawan fiffikensa. Ɗan'uwansa portia baƙinsa bai kai haka ba, akwai gibi a cikinsa. Rhyothemis semihyalina kuma rabin fiffikensa na baya daga gindi baƙi ne mai walƙiya, na gaba garau, yana kaɗa su a hankali a kan ruwa mai ciyawa.

Shuɗɗa su ne ciwon kai, musamman gidan Orthetrum. Balagaggun mazansu kusan duk shuɗi ne mai toka-toka, hoda ta rufe shaidar. Biyu ne kawai zan ce ka gwada da ido. Orthetrum trinacria dogo ne siriri, ya kan haura santimita 5, mai duhu, kuma mafarauci ne da ke cin malam-buɗe-littafi da sauran mazari. Orthetrum chrysostigma bai kai shi ba, cikinsa da ƙugu kusa da ƙirji, kuma kafin hoda ta rufe shi akwai farin layi guda a gefen ƙirjinsa. Sauran, ko ƙwararru sai sun duba gaɓar barbara. Wanda ya hango shuɗin Orthetrum daga nesa ya faɗa maka nau'insa ba tare da ko hoto ba, ka karɓa da shakka. Kusa da su akwai Diplacodes lefebvrii, ɗan ƙarami baƙi ƙirin, fiffikensa garau ba ɗamara, yana zama ƙasa-ƙasa a ciyawa. Rashin ɗamarar ne ya raba shi da Brachythemis.

Yanzu ɗaga kai sama. Garken rawaya masu ruwan goro da ke shawagi a kan gona, filin ƙwallo ko tasha gabanin hadari, yawanci Pantala flavescens ne. Tsawonsa kusan santimita 5, fiffikensa na baya da faɗi sosai daga gindi, shi ya sa yake iya sulale a iska ba tare da yawan kaɗawa ba. Fiffiken kusan garau ne. In ka ga wani a cikin garken mai jan ciki da babban tabo mai duhu a gindin fiffiken baya, Tramea ne, galibi basilaris. In kuma magariba ta gabato ka ga wani ja-ja yana kai da komo da sauri dab da ruwa, da tabo ruwan ƙasa da fari a tsakiyar fiffiken baya, Tholymis tillarga ke nan.

Pantala ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ruwan sama yake bi. Yana zuba ƙwai a ruwan da ya taru bayan an yi ruwa, inda babu kifi, tsutsarsa ta girma cikin mako shida ko makamancin haka kafin wurin ya ƙafe, sabbin su tashi su bi iska zuwa inda damina ta koma. A 2009 Charles Anderson, masanin halittun teku da ke aiki a tsibiran Maldives, ya kawo hujjar cewa suna ƙetare tekun Indiya daga Indiya zuwa gabashin Afirka, zagayen da aka ƙiyasta kilomita 14,000 zuwa 18,000, ana miƙa shi daga iyaye zuwa 'ya'ya har zuriya huɗu. Shi ne kuma wanda za ka gani yana dangwala ciki a kan bonet ɗin mota mai sheƙi. Hasken da fentin ke mayarwa ya yi masa kama da na ruwa, ƙwai yake ƙoƙarin zubawa.

Manyan masu shawagi uku ne abin riƙewa. Anax imperator ya kusa santimita 8, ƙirji kore, ciki shuɗi da baƙin layi a sama tun daga farko har ƙarshe. Namijin yana sintiri a kan buɗaɗɗen ruwa, macen kuma ita kaɗai take cusa ƙwai a ganyen da ke yawo a kan ruwa. Anax ephippiger bai kai shi ba, ruwan ƙasa ne mai yashi-yashi, idanunsa ruwan ƙasa, shuɗinsa tabo ɗaya ne tak a saman gaɓa ta 2, kuma sau da yawa namijin na riƙe da macen take zuba ƙwai. Wannan ɗan Sahel ne na gaske, a tafkunan damina yake hayayyafa, iska kuma ta kan kwashe shi har Turai. An tsince shi a Iceland, ƙasar da mazari ba ya hayayyafa a cikinta. Na uku Anax tristis, baƙi mai ɗige-ɗige da farin zobe a gindin ciki, ya haura santimita 10. In ka gan shi ba za ka tambayi kowa ba.

Cikin sirara, biyu sun ishe ka a farko. Ischnura senegalensis: ƙirji kore ko shuɗi-shuɗi, ciki baƙi ta sama, shuɗin tabo dab da ƙarshe, yana jure ruwan da wasu ke gudu. Matansa launi-launi ne, har da masu ruwan goro. Ceriagrion glabrum: namijin ruwan goro ne kusan gaba ɗaya, idanunsa kore-kore.

Mataki na 8: ɗauki hoto uku

Hoto ɗaya ba ya yanke hukunci. Kana bukatar na sama, wanda zai nuna fiffike da zanen ciki. Na gefe, wanda zai nuna ƙirji, ƙafafu da gaɓa ta 2. Da na fuska. Na gefen ne mutane suka fi mantawa, kuma shi masu tantancewa suka fi nema.

Idon babban mazari na iya ƙunsar ƙananan idanu kusan 30,000, motsi kuma shi ya fi gani. Matsa a hankali, a duƙe, kada inuwarka ta faɗa kansa. In ya tashi kada ka bi shi. Tsaya cik a inda kake, wayar na saitin tsinken, zai dawo. Waya ta kan ƙi kama siririn abu ta koma kan ciyawar baya, don haka taɓa fuskarta daidai kan tsinken ka kulle saitin kafin ya sauka. Masu shawagi kuwa da sassafe ake samunsu, a rataye a ciyawa jiki bai yi ɗumi ba.

In ka kai ga kamawa da raga, kawo ta daga baya, ka juya bakinta ya rufe. Haɗa fiffiken huɗu a saman bayansa, ka riƙe su tsakanin yatsa biyu kusa da gindi. Mazari ba ya harbi, ba shi da dafi, iyaka babba ya ɗan cije ka. Duba, ɗauki hoto, ɗora shi a kan kara ka saki.

Mataki na 9: rubuta, sannan ka tabbatar

A kan kowanne rubuta kwanan wata, wuri, irin ruwan, inda ya zauna, da girmansa in an gwada da wani da ka riga ka sani. Ka kuma duba jikin kacala da duwatsu dab da ruwa. Busasshiyar saɓar da tsutsa ta bari lokacin fitowa ita ce shaidar cewa a nan nau'in ya hayayyafa, ba baƙo ne mai wucewa ba. Ta 'yan Anax doguwa ce, ta 'yan Libellulidae gajera mai faɗi.

Ɗora hotunan a manhajar iNaturalist tare da wurin da ka ɗauka, masana za su duba. Sunan da manhajar ta fara ba ka hasashe ne, kada ka amince da shi sai ka gwada da hotuna da taswirar shafin African Dragonflies and Damselflies Online. Aikin bai ƙare ba a nahiyar nan: a 2015 kaɗai Dijkstra da Jens Kipping da Nicolas Mézière sun bayyana sabbin nau'i 60 daga Afirka a lokaci guda. In hotonka bai nuna shaidar da ake bukata ba, tsaya a sunan gidan, ka rubuta "Orthetrum" ko "Trithemis, mace", ka koma wurin wata rana ka nemo hoton gefe.